Shi Ya Yi, In Ji Tafinta

Kafanchan,
3 ga Maris, 1974

Kawu Nicholas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da karatu, da zafin Zariya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har kasuwa ta je da kanta. Mangwaron tsakar gida ya fara nuna, yaran unguwa sun hana shi sakat.

Kawu, na cika alkawari. Jiya na tsaya a gurbinka na yi wa jama'a tafintan sinima. Matasan ikilisiya ne suka aro fim ɗin daga Kaduna. Jirgin safe ya kawo shi cikin gwangwani huɗu, ko damar leƙa shi ban samu ba kafin a fara. Mun toshe tagogin babban ɗakin makaranta da barguna, muka rataya farin zanen gadon matar Fasto a bango. Ɗaki ya cika maƙil, zufa kamar ana wanka.

Fim ɗin na wani ƙaramin garin Turawa ne a bakin rafi. An wayi gari an tsinci gawar mai gyaran agogo cikin ruwa, a bayan gidan niƙa. Dama sun taɓa rigima da mai gidan niƙan. Sai ga wani tsohon ɗan sanda da kekensa da lofensa, yana bi gida gida. Ya yi sallama, a ba shi shayi, ya sha, ya dubi bango, ya tashi. Kawu, ba harbi, ba tsere, ba waƙa. Akwai inda aka nuna shi yana tura keke a kan gada, har na gama share zufa na sha ruwa bai ƙetare ba.

Da ka ji bakin mutane! 'Yan reluwe da ke bencin baya suka fara: "Malam, tura shi mana! Jirgin kaya ma ya fi wannan sauri." Wani ya ce, "Yaushe jarumi zai zo ne, ko ya makara a tasha?" Wani kuma ya ce da ya sani da ya tsaya gida ya kalli akuyarsa tana tuƙa. Sai tsohuwa Angelina ta zumuntar mata ta juya ta ce, "Ku rufa mana baki. Mai neman allura cikin ciyawa ba ya gudu." Malaman makaranta sun ce wannan shi ne fim na masu tunani. Fasto kuwa ya ce yana da darasi ƙwarai, ko da yake na ga kansa yana rusunawa sau da yawa, kuma ba addu'a yake yi ba.

Na bi abin da ka koya mini, cewa sunan Bature ba ya zama a bakin mutanenmu, a ba kowa sunan da za a iya riƙewa. Na sa musu Mai Agogo, da Matar Mai Agogo, da Baba Ɗan Sanda. Shi mai gidan niƙan da ruwa nasa yake juyawa, amma na rasa yadda zan ce, sai na kira shi Mai Injin Niƙa. Abin mamaki, daga tsakiyar faifai na biyu surutu ya ɗauke. Har 'yan reluwen suka yi tsit. Na ce a raina, to, Rufus, ka kama su.

A ƙarshen faifai na uku wata tsohuwa mai yawan zama bakin taga ta gaya wa ɗan sandan wanda ta gani a bakin rafi. Tana magana ana nuna Mai Injin Niƙa da Matar Mai Agogo a tsaye bakin kabari. Ina gama fassarawa sai fau! Ƙwan majigi ya mutu. Ba mu da wani, sai an aiko daga Jos. Mutane suka watse kowa da ra'ayinsa. Celestine ma, tsohon sojan nan ƙanen marigayi Luke, ya fita ko gaisuwata bai amsa ba, don haushin an katse masa.

Ba zan gaya maka abin da tsohuwar ta ce ba. Kai ma ka yi hasashe. Wa kake zargi?

Ɗanka,
Rufus

*

Zariya,
9 ga Maris, 1974

Ɗana Rufus,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Na ji daɗin labarin ƙafar Yaya Clara. Ka ce mata kada ta ga sauƙi ta koma ɗaukar kaya a ka. Ni lafiya, sai murar da na yi ta wuce. Malamanmu suna ta shirya mu don gwajin koyarwa, tsofaffi da mu mun koma 'yan makaranta.

Wasiƙarka ta sa ni dariya har abokin ɗakina ya tambaya ko an ƙara mini albashi ne. Yaron da nake ja wa kunne a kan karatu, yau shi ne ke tsaye gaban ɗaki cike yana juya Turanci! Na yi alfahari da kai, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Kada maganar 'yan reluwe ta dame ka. Sun saba da na kaboyi da na Indiya, inda mugu yake zuwa da baƙar hula tun daga farko. Irin wannan fim ɗin kuwa kamar dahuwar wake yake, ba a buɗe tukunya kowane lokaci. Angelina ta fi su fahimta. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, saboda haka mai bincike ba gudu yake bukata ba, kunne yake bukata. Shawara ɗaya zan ba ka. Inda Turawan suka yi shiru, kai ma ka yi shiru. Sabon tafinta yana tsoron shiru, sai ya cika shi da nasa zancen. Ka bar mutane su zauna da abin da idonsu ya gani. In ka samu hali, ka sa 'yan ajinka na bakwai su rubuta wanda suke zargi da dalilinsu. Za ka ga wanda yake kallo da wanda yake jiran a gaya masa.

Ka ce in yi hasashe. To, ni dai mai injin niƙa nake zargi. Gawa a bayan injinsa, ga tsohuwar rigima tsakaninsu, ko yaro ya san inda za a duba. In na faɗi daidai, ka ajiye mini mangwaro mafi girma.

Ka karanta wa Yaya wannan, ka gaishe da Fasto da dukan 'yan mawaƙa.

Kawunka mai ƙaunarka,
Nicholas

*

Kafanchan,
18 ga Maris, 1974

Kawu,

Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya, amma hankalinmu ba a kwance yake ba. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Ka san Luke, mijin Martha, ya rasu a daminar bara. An gaya maka ruwa ne ya ci shi. Abin da ba a gaya maka ba, tun da kana Zariya, shi ne inda aka tsince shi: a rafin bayan injin niƙan Eli. Kafin nan kuma sun yi cacar baki a gaban mutane, a kan ruwan wankin inji da yake gangarawa gidan Luke. 'Yan sanda sun duba, sun ce santsi ne da ambaliya, magana ta kwanta. Ni da nake cikin garin nan na san duk wannan. Amma ranar sinima hankalina yana kan Turancin, ina tsoron kada kalma ta wuce ni. Shirun da na yi murna da shi, ashe ba nawa ba ne. Mutane sun ɗauka habaici nake yi, wai malami ya san wani abu, ya fake da majigi yana faɗa.

Ga kuma babban kuskuren. Tsohuwar bakin taga kalmar mace ta yi amfani da ita. Cewa ta yi ta ga matar. Na ji ta sarai. Amma cikin sauri Hausar gida ta riga ni fita, irin wadda ka sha gyara mini, inda mace da namiji duk "ya" ne kamar yadda yake a yarenmu. Na ce, "Na gan shi. Shi ya yi." Kan in gyara ƙwai ya mutu. Mutanenmu da suke cewa "Mama ya zo" tun da aka haife su, ranar nan kowa ya zama malamin Hausa. Wai malam "shi" ya ce, "shi" kuwa namiji ne, namijin da ke bakin kabari kuwa Mai Injin Niƙa ne.

Sai wasiƙarka ta iso ina makaranta. Mama ta ga hannunka, ta kasa jira. Ta buɗe ta a gindin mangwaro, matan zumunta suna ɓarar gyaɗa, ta karanta musu a hankali da yatsa kamar yadda take karanta Zabura. Ba abin da suka riƙe sai layi biyu. Kafin yamma gari ya ɗauka: har Malam Nicholas da ke babbar makaranta a Zariya ya rubuto cewa mai injin niƙa yake zargi, ko yaro ya san inda za a duba.

Yanzu ba mai kai niƙa wurin Eli. Mata sun gwammace su yi daka da hannu. An jefi kwanon rufin injinsa da duwatsu. 'Yarsa da ke ajina ta daina zuwa, don yara suna kiranta 'yar Shi Ya Yi. Celestine kuwa kullum yana zaune a shagon tela da ke fuskantar injin, da rigarsa ta soja. Shekaranjiya ya tare ni a hanyar tasha. Ya ce, "Malam, na gode da ka buɗe mini ido." Na ce masa fim ne kawai, an yi shi a ƙasar da ba su taɓa jin sunan Luke ba. Ya ce, "Na sani. Ai mai hankali ba ya faɗa kai tsaye." Na ce masa na yi kuskuren kalma. Ya dube ni ya ce, "Sun tsorata ka ke nan." Ban gaya masa wace kalma ce ba, Kawu. Ga dalili.

Na buɗe gwangwani na huɗu, na ɗaga fim ɗin a hasken taga ina duba ƙananan hotunan. Matar ce ake sa wa a motar 'yan sanda. In aka nuna ƙarshen, Eli ya fita. Amma mutanen da suka mai da Mai Injin Niƙa Eli, wa za su mai da Matar Mai Agogo? Duk unguwa ta san Martha da Luke suna faɗa in ya sha. Ita ba ta da kowa nan sai ƙananan yara.

An ce ƙwan yana hanya. Gaba kura, baya siyaki. Me zan yi?

Rufus

*

Kafanchan,
21 ga Maris

Ƙanena Nicholas,

Ina gaishe ka da sunan Yesu. Ƙafana ya yi sauƙi amma zuciyana ba daɗi. Ni na karanta takardanka a gaban mata, ban san zai zama haka ba. Allah ya gafarta mini.

Rufus ba ya cin abinci. Ya gaya wa Fasto abin da ke cikin gwangwani, matan Fasto ya ji, magana ya kai wurin su biyu. Jiya Eli da Martha sun zo gida, ba tare ba, kowa da lokacinsa. Ɗaya ya ce wa Rufus don Allah kada a nuna sauran sinima, a mayar Kaduna haka. Har ya durƙusa. Ɗayan ya ce dole a nuna, shi ba zai zauna cikin wannan abu ba. Ya kwashe yaransa ya kai Manchok wurin kaka, ya dawo shi kaɗai, ya ce zai tsaya ya ga ƙarshe.

Celestine ya kai addansa wurin maƙeri an wasa. Ya ce na gona ne. Ruwa bai sauka ba tukuna, wane gona?

Ka rubuto wa yaron nan, maganarka yake ji.

Yayarka,
Clara

*

Zariya,
27 ga Maris, 1974

Ɗana Rufus,

Ubangiji ya tsare ku. Wasiƙarka da ta Yaya rana ɗaya suka iso, taka ta yi ta yawo a hanya. Tun da na karanta su na kasa zama wuri ɗaya. Na nemi izinin zuwa, an ce wanda ya bar gwajin koyarwa ya bar shekara. Saboda haka alƙalami ne ƙafata.

Da fari, wasan da na yi ya zama dutse a hannun wasu, kuma kan mutumin kirki ya sauka. Na sa wata 'yar takarda a ciki zuwa ga Fasto, ya karanta ta a sujada da sunana, cewa mutumin cikin majigi nake nufi, ban san komai game da mutuwar Luke ba. Eli ya yi mana niƙa tun kana goye. Ka je ka gaya masa haka daga bakina, da rana, ta ƙofar gaba, kowa yana gani.

Na biyu, ka ci abinci. Kuskuren harshe ka yi, ba mugunta ba. Amma kuskuren naka ne, gyaransa ma naka ne.

Na gane daga wasiƙar Yaya cewa Martha ta durƙusa tana roƙo kada a nuna, Eli kuma ya kai yaransa Manchok ya ce dole a nuna. Ban ga laifin kowannensu ba. Mace ce mai takaba a zuciya, tsoro ya kama ta. Amma mutumin da ya kwashe 'ya'yansa daga gida ya riga ya ji ƙanshin abin da ke zuwa, ga kuma zancen adda. Ba za a bar shi ƙarƙashin ƙarya don a rufe wata ƙaryar da ba a riga an yi ba. In aka mai da gwangwanin ba a buɗe ba, za a ce an biya ku ne ku ɓoye.

Ga shawarata. A nuna shi, tun daga faifai na farko. Ka zubar da sunayen da na koya maka, ka kira kowa da sunansa na Turanci ko da harshe zai karye. In ka zo wurin tsohuwar nan, ka faɗi "ita" yadda na bencin baya zai ji. Amma kafin ranar, kai da Yaya ku je wurin Martha. Ku lallashe ta, ku gaya mata ba a yashe ta ba. Ranar sinima ku kawo ta gidanmu ta wuni a ɗaki, Yaya ta zauna da ita, kada idon kowa ya same ta. Dattawan ikilisiya biyu kuma su zauna kusa da Celestine. Shi ma ba mugu ba ne. Ya dawo daga yaƙi da ransa, sai ga shi ruwan unguwa ya ci wansa, zuciyarsa tana neman wanda za ta riƙe.

Ka aiko mini da amsa da jirgin farko. Ina yi muku addu'a safe da yamma.

Kawunka,
Nicholas

*

Kafanchan,
7 ga Afrilu, 1974

Kawu Nicholas,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, kowa da ransa. Na fara da wannan don na san shi kake jira.

Fasto ya karanta takardarka a sujada. Wasu sun gyaɗa kai, wasu sun ce malamai sun haɗa baki. Sa'an nan muka je wurin Martha ni da Mama, kamar yadda ka ce. Na fara lallashi, ina cewa mun san tana tsoro, ta zo ta ɓuya a gidanmu. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni. Ta ce, "Malam Rufus, wa ya ce maka ni na roƙa? Ni na ce a nuna."

Kawu, Hausar Mama ce ta yi maka abin da tawa ta yi wa gari. Eli ne ya durƙusa. Martha ce ta kai yaranta Manchok wurin uwarta. Ni da na san haka, da na karanta wasiƙarka sai na ɗauka ta sake zuwa wurin Mama a ɓoye ta canja magana. Mama ta ce ita dai ta rubuta daidai, mu ne masu ilimin da ba ma ganewa.

Abin da Eli ya ce mini ran nan shi ne, "Ni namiji ne, ƙofata da sakata. In abin ya yi tsanani in kwance injin in koma Kagarko wurin ƙanena. Ita ina za ta? Ka mai da gwangwaninka." Martha kuwa ta ce, "In aka mayar, Eli zai shiga kabari da sunan nan. In kuma aka nuna ina ɓoye a ɗaki, za a ce gudu na yi. A bencin gaba zan zauna."

Haka kuwa aka yi jiya. Ɗakin bai ɗauki mutane ba, wasu suna ɗaga bargo suna leƙe ta taga. Eli bai zo ba. Celestine ya ƙi zama tsakanin dattawan, ya tsaya jikin ƙofa, hannunsa cikin riga. Muka fara daga farko. Na kira kowa da sunansa na Turanci, inda suka yi shiru na yi shiru. Baba Ɗan Sanda ya sake tura kekensa a kan gadar nan, ba wanda ya ce a tura shi. Ina jin numfashin mutane a bayana.

Da muka zo wurin tsohuwar bakin taga, ta yi maganarta. Ga Martha a gabana, kusa har ina ganin ɗaurin ɗankwalinta. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Hoto yana ta tafiya. Sai Martha ta ce, da muryar da take ba da waƙa a zumunta, "Malam, ka ji Turancin ko ba ka ji ba? Faɗi."

Na ce, "Ta ce, na gan ta. Ita ta yi. Matar ce. Wancan karon ni na yi kuskure."

Na ji benci yana ƙara, mutane suna miƙa wuya. Ita ko motsi ba ta yi ba. Aka sa faifai na huɗu, na fassara shi duka ban rage komai ba, har aka sa matar a mota. Ko a nan ma ba wanda ya daki wani. Ɗan sandan buɗe mata ƙofar motar ya yi.

Aka cire barguna, haske ya shigo, ba wanda ya tashi. Sai Martha ta miƙe ta juya. Ta ce, "To, ga ni. Wancan makon Eli ne, yau ni ce. Tun da zanen gadon matar Fasto ne alƙalinku, ku dube ni da kyau. Celestine, matso, daga nan ba ka gani."

Ya taho har tsakiyar ɗaki. Dattawan suka miƙe. Ya ce, "To wa zan tambaya? Mutum ya fita da ƙafarsa, a kawo shi a tabarma, a ce ba kowa?"

Ta ce, "Ni za ka tambaya, na kuwa sha gaya maka ka ƙi ji. Ya sha burkutu, ruwa yana zuba, rafi ya kawo. Na riƙe masa riga a bakin ƙofa na ce kada ya ƙetare, rigar ta yage a hannuna. Tana nan cikin akwati, ban ɗinke ba. Ɗan'uwanka ne, mijina ne. Ka fi ni son a ce wani ne ya yi?"

Ya daɗe a tsaye. Da ya fitar da hannunsa daga riga, ba komai a ciki. Bai ce ya yarda ba, bai ba kowa haƙuri ba. Ya juya ya fita, mutane suka buɗe masa hanya.

Tsohuwa Angelina ce ta kwantar da hankalin ɗakin. Ta ce, "Fasto, don Allah kada a kawo na Indiya mai maciji. Ban san wa za su kama ba, ni kuwa da tsawo." Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. A waje gardama ta koma kan fim ɗin. Malamai suka ce tun faifai na farko an nuna matar tana wanke takalmi, mai ido ya gani. Wani ɗan reluwe ya ce shi dai har yanzu bai ga abin da aka tara mutane a kai ba, fim ba naushi ko ɗaya. Abokinsa ya ce masa, "Wanda aka kusa yi a nan bai ishe ka ba?"

Amma Kawu, ban ce an gama ba. Na ji wasu mata suna raɗa cewa mace mai irin wannan bakin a gaban maza, wa ya san abin da za ta iya. Na je wurin Eli ta ƙofar gaba na isar da saƙonka. Ya ce ya gode. Na tarar ya kwance bel ɗin injin ya naɗe, ya ce zai ga yadda makon nan zai kasance kafin ya yanke zancen Kagarko. Yau a sujada benci ɗaya ya zauna shi da iyalinsa, ba wanda ya matsa kusa. Gwangwanayen sun koma Kaduna. Gobe zan bi ta gidansu in ga ko 'yarsa za ta biyo ni makaranta.

Ɗanka,
Rufus

Nicholas, ni ne Clara. Yau Litinin. Rufus ya bar takarda a buɗe ya tafi makaranta, shi ne na ce bari in ƙara. Zan sa sunan kowa don kada ka sake ruɗewa.

Da safe Martha ya ɗauki kwanon dawa a kai. Martha bai bi hanyan baya ba, Martha ya bi ta tsakiyan kasuwa, a hankali kamar ɗan sandan nan mai keke. Martha ya ajiye kwano a ƙofan Eli ya zauna a kan dutse. Eli ya fito, Eli ya tsaya yana kallon kwano. Sai Eli ya shiga ya ɗauko bel. Celestine yana shagon tela, Celestine ya gani, bai tashi ba.

Yanzu haka da nake rubutu ina jin inji yana kuka. Na auna masara na. Bari in rufe takarda in tafi kafin layi ya yi tsawo.